Kawu da Amfilifaya Mai Wat Biyar

Tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gidan Kawu a Fagge ba su isa ba. Kafin la'asar ta ranar da muka binne shi sai da aka aro na masallacin unguwa, aka kuma tare bakin lungun da benci don kada masu babur su ratsa ta cikin mutane. Kawu yayan mahaifiyata ne. Gyaran rediyo da kayan sauti ne sana'arsa, kuma ban taɓa zaton mai gyaran rediyo zai tara jama'a haka ba.

'Yan kasuwar Singa sun zo. Abokan sahunsa na masallaci sun zo. Danginmu na Barno, waɗanda ba ma haɗuwa sai a biki ko rasuwa, sun cika zaure suna gaisawa da Barbarci. Can wajen ƙarfe biyar sai wata ƙaramar bas ta tsaya a bakin titi, mutanen Sabon Gari suka sauko su kusan goma. Wani tsoho ne a gabansu, ɗan Ibo, mai kaɗa jita a wata coci. Ya cire hularsa ya tsaya, bai san ko ya zauna ba. Mahaifina, wanda muke kira Baba, ya matsa ya ba shi wuri a gefensa.

"Injiniya ya tafi," in ji tsohon da Hausarsa ta Sabon Gari. "Tun muna samari ban taɓa sayen ko waya ɗaya ta jita ba sai ya saurara mini. Yanzu wa zai saurara mini?"

Sai ya fashe da kuka kamar yaro. Liman ne ya dafa masa kafaɗa.

A cikin gida, Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta amsa, sannan ta ce, "Ya bar shayinsa rabi. Tun da aka kawo ni gidan nan nake faɗa da shi a kan shayi rabi." Mahaifiyata kuwa abu ɗaya take ta maimaitawa, wai shi ne yake goya ta ya ƙetarar da ita kwata idan an yi ruwa.

A ranar sadakar uku na lura kowa sai ya ce mutumin kirki ne, ya tsaya a nan. Gaskiya ne, amma haka ake faɗa a kan kowa. Na ji tsoron nan da wasu shekaru abin da zai rage ke nan, jikokinsa su tashi ba su san wane irin kirki ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani.

Kawu ya kaɗa jita a ƙuruciyarsa, cikin wata ƙungiyar makaɗa da ke zagaya otal-otal na Sabon Gari. Ba ya son yawan maganar lokacin. Abin da ya fito da shi daga can shi ne hannu mai sanin waya, da kunnen hagu da ya mutu. Shekaru ya yi yana tsayawa a gaban manyan lasifika, har wata rana ya wayi gari ba ya jin kiran salla ta wannan gefen. Daga nan ya ajiye kiɗa ya buɗe shago a wani lungu, ba nisa da shataletalen Bata. In kana yi masa magana sai ya juyo maka kunnen dama, fuskarsa tana kallon bango, baƙo ya ɗauka raini ne. Yakan ce, "Bawul ya ƙone, ina da wani a cikin gwangwani. Kunne ya ƙone, ba shagon da za ka je."

Bawul shi ne ɗan kwalbar nan da ke cikin tsofaffin rediyo, wanda yake yin ja idan ya ɗauki zafi. Duniya ta koma kan kayan zamani marasa bawul, amma masu jita da yawa har yanzu amfilifaya, wato akwatin ƙara sautin jita, mai bawul suke nema saboda daɗin muryarta, kuma a Kano in taka ta lalace, wajen Kawu za a turo ka. In ya kunna ta ba ya magana sai ta ɗumama. Yakan ɗaga hannu ya tsayar da kai a tsakiyar zance, ko da kuwa gaisuwa kake yi. Rigunansa duk ƙamshin dalma suke. In ya yi fushi Barbarci yake yi, in abu ya yi masa daɗi kuma sai ya ce, "To, madalla," ya tafi ya bar shayinsa.

Shi ya ba ni jita, ranar da na gama kwalejin horon malamai. A kan wannan suka ɓata da Baba. Baba ɗan gidan malamai ne, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya ba a taɓa jin muryarsa daga wajen ɗaki ba. Ina tsaye a tsakar gida na ji su a zaure.

"Alhaji, ka yi taka rayuwar yadda ka ga dama," in ji Baba. "Ka bar mini ɗana."

"Malam, wannan rayuwar da kake rainawa, da ita na aurar da ƙanwata gare ka."

Kawu ya fita bai yi sallama ba. Shekara tara bai sake taka zauren nan ba. Suna gaisawa a masallacin Juma'a, a sha hannu a wuce. Ni kuma na ci gaba da kaɗa jitata a ɗaki, ba a haɗe da komai ba, sai ni kaɗai nake jin ta. Baba ya sani, ya yi kamar bai sani ba.

Na yi aure ina zaune a ɓangarena cikin gidan Baba, ina koyarwa a firamare. Ina tsara wa ɗalibaina 'yan waƙoƙi na ƙidaya da wanke hannu, har wani gidan rediyo ya ji labari, suka ce in zo a naɗi waƙoƙin don shirin yara. Sai ga shi ina bukatar amfilifaya. Na je wajen Kawu na gaya masa na ga wata a wani shago kusa da Titin Ibrahim Taiwo, mai ƙarfin wat ɗari, tsawonta ya kai mini ƙugu.

Ya juyo kunnen dama. "A ina za ka kaɗa?"

"A ɗakina, sai kuma a situdiyo."

"Ɗakin nan mai rufin kwano, wanda gado ya cinye rabinsa?"

"Shi."

"Wat biyar," ya ce, ya koma kan aikinsa.

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Bai yi dariya ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi mini bayani a hankali. Ya ce mai bawul tana da wani wuri da muryarta take yin kauri ta yi zaƙi, kuma ba ta kai wa wurin sai ka murɗa ta sosai, bawul ya yi aiki. Babba tana da wannan wurin, ƙarama ma tana da shi. "Bambancin," in ji shi, "kafin babbar ta kai can, ta kori mutanen unguwa. Sai ka ƙare kana kaɗa ta a lamba ɗaya har ka tsufa, ba ka taɓa jin muryarta ta gaskiya ba. A situdiyo kuwa makirufo za a sa a gabanta. Makirufo bai san girman akwati ba."

Na ce to. Amma a raina na ce tsoho ne, kunnensa ya mutu, yana tsoron ƙara. Gaskiyar magana kuma, kunya nake ji a gan ni na shiga gidan rediyo da ɗan akwati kamar na mai wankin takalmi. Mai shagon ya san Kawu, don haka ya yarda in ɗauki babbar in gwada ta kwana biyu. Mu uku muka ɗora ta a adaidaita.

Ranar Asabar ce bayan azahar. Na san masu neman auren ƙanwata za su zo gaishe da Baba, amma na ɗauka sai Lahadi. Na rufe ƙofa na kunna. A lamba ɗaya muryar siririya ce, ba ta da wani daɗi, kamar yadda Kawu ya faɗa. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Sai na sunkuya da jitar a wuyana zan gyara waya, ta fuskanci lasifikar, abin ya saki wani irin ihu da ban taɓa jin irinsa ba. Kwanukan matata suka zubo daga kan kanta. Kaji suka watse a tsakar gida. A zaure kuwa, kamar yadda aka gaya mini daga baya, babban baƙon yana tsakiyar addu'a ne, ya miƙe tsaye da hannuwansa a sama yana neman ƙofa.

Bayan baƙi sun tafi Baba ya aiko a kira ni. Ƙanwata tana kuka a ɗakin mahaifiyata, ta ce na kashe mata aure.

"Ba zan ɗaga murya ba," in ji Baba. "Ka riga ka ɗaga mana. Shekara tara ina kau da kai. Yanzu ko kayan kiɗan nan su bar gidan nan, da babba da ƙarami, ko ku bar shi tare."

Ban gaya wa Kawu ba. Mahaifiyata ce ta buga masa waya. Washegari da hantsi sai muka ji sallamarsa a zaure. Na fito da sauri na tarar da shi ya cire takalmi ya zauna a ƙasan tabarma, ba a kan kujerar baƙi ba.

"Malam, laifina na zo ɗauka," ya ce. "Ni na ba shi jita, ban koya masa ladabinta ba."

Baba ya dube shi. Ina jin ya shirya wa gardama ne, sai bai same ta ba.

"Alfarma ɗaya nake nema," Kawu ya ci gaba. "Ka ba ni zuwa la'asar. Zan kawo wata, ya kaɗa a ɗakinsa kana zaune a nan da littafinka. In ta dame ka, da hannuna zan kwashe komai in kai shagona, ba za ka sake jin maganar ba."

"Zuwa la'asar," in ji Baba.

Muka mayar da babbar. A hanya ina jira ya ce ai ya gaya mini. Bai faɗa ba, har ya rasu bai faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne in riƙe ta da kyau kada ta faɗo a kan direban.

A shagon ya sa aka fito da ƙanana guda uku aka jera. Ya kunna ta farko, ya ɗaga hannu muka yi shiru. Kafin in taɓa jita sai da ya kara kunne ya saurari gurnanin da take yi ita kaɗai. Ya ciro fensir daga aljihu ya ɗan ƙwanƙwasa kowane bawul, wai mai ciwo yakan amsa da ƙara. Ya tambayi mai shago ko ana samun irin bawul ɗinta a Kano, ko sai an aika Legas. Sannan ya ce in kaɗa.

Ta farko muryarta tana da tsini, tana ƙyalli. Na ga fuskarsa ta sake. "Irin wannan muke kaɗawa a da," ya ce. Na ce to mu ɗauke ta mana.

"Ni nake son ta. Ba ni zan kaɗa ba. Rera waƙar taka."

"A nan, Kawu?"

"Ai ba jita kaɗai yara za su ji ba. Rera."

Haka na tsaya, malamin makaranta da gemuna, ina rera waƙar ɗaya biyu uku a tsakiyar shago, masu wucewa suna leƙowa. Ya sa na maimaita baiti ɗaya a kan kowace amfilifaya, sau uku uku. Ya ce ta farko tana faɗa da muryata, duk inda na hau sai ta riga ni. Ta biyu kuwa ƙasa ta yi yawa, kamar mai magana a cikin tulu, tana binne kalmomin. Da muka zo ta ukun, wata 'yar baƙa mai tsohuwar fata da ta ɗan ɓare a gefe, ya murɗa ta har lamba shida. Muryar ta yi kauri ta yi laushi, in na taɓa waya a hankali ta fito fes, in na danna sai ta ɗan yi gurnani mai daɗi. Ban taɓa jin jitata haka ba. Kuma ina jin muryata a samanta ba tare da na yi ihu ba.

"Wannan ta ba ka hanya," in ji Kawu. "Ɗauke ta ka zagaya shagon."

Na ɗauka da hannu ɗaya.

"To, madalla. Kai za ka riƙa hawa adaidaita da ita, ba ni ba."

Kada wani ya ɗauka wat biyar raɗa ce. A ɗakina sai da Kawu ya ɗora ta a kan filo, ya juya fuskarta daga ƙofa, ya sa aka rataya bargo a taga. Ya nuna mini inda zan tsaya a lambar idan mutane suna gida, da inda zan iya kai wa idan sun fita. Sannan ya koma zaure ya zauna kusa da Baba. Na kaɗa kamar minti goma. Da na fito na tarar Baba yana kan littafinsa.

"Ina jin ta," ya ce, bai ɗago ba.

Na tsaya ina jiran hukunci.

Ya juya shafi. "Amma ba ta hana ni karatu ba. Ban da lokacin salla, ban da lokacin baƙi." Sai ya dubi Kawu. "Alhaji, an kusa sauke abinci."

Kawu ya ci abinci a gidanmu ran nan. Auren ƙanwata ma an yi shi, kuma har yau surukanta in sun gan ni sai sun tambayi lafiyar jita. Waƙoƙin an naɗe su, ana sa su, ɗalibaina suna gyara mini baitin da na manta. Baba bai taɓa cewa yana son kiɗa ba, ba na kuma tsammanin zai faɗa. Amma daga wannan shekarar, duk Juma'a bayan an sauko, tare suke dawowa da Kawu, suna tafe suna musu a kan huɗuba, Baba yana bin gefen dama don a ji shi.

Ba ni kaɗai ya yi wa irin wannan ba. Wani mai kiɗan biki ya ce Kawu ya taɓa ƙin gyara masa wata babbar lasifika sai da ya yi alkawarin zai daina tsayar da yara masu rawa a gabanta. Tsohon nan na coci kuma ya ba mu labari a wurin zaman makoki, cewa wata shekara amfilifayarsu ta ƙone ana saura kwana biyu Kirsimeti. Kawu ya ɗauko tasa ta ƙuruciya, wadda ba ya bari kowa ya taɓa, ya kai musu da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa suna gwaji, yana yi wa tsohon alama da hannu ya rage, ya ƙara, har ta zauna daidai da ɗakin. Da aka kira la'asar ya ce su ci gaba, ya tafi masallaci.

Yana da nasa halin, ba zan ɓoye ba. Yana da taurin kai. In ya ce kayanka ba su gyaru ba tukuna, ko za ka kwana a ƙofar shagon ba zai ba ka ba. Ya ƙi zuwa asibiti har sai da Inna ta ɓoye makullin shago. A shekararsa ta ƙarshe kunnen daman ma ya fara ja da baya. Sai ya koma ɗora tafin hannu a kan akwatin amfilifaya, ya rufe ido, ya ce a kaɗa. Na tambaye shi ko abin yana damunsa.

"Na ji rabona," ya ce. "Na ma ji fiye da rabona, shi ya sa. Kai dai ka riƙe naka."

Cikin 'ya'yansa, 'yar autarsa ce ta gaji hannunsa. Ta karanci aikin lantarki, tana da aurenta da 'ya'ya biyu, kuma shekaru ta yi tana zama da shi a shagon. Bayan kwana arba'in dangi suka zauna a kan ko a rufe wurin. Inna ce ta yanke magana, ta ce akwai kayan mutane a ciki da bai gama ba, ba za a mayar musu da su a lalace ba. Ta miƙa wa 'yar autar makulli.

Makon jiya amfilifayata ta fara wani ɗan tari idan ta ɗumama, sai na kai mata. Ta cire wuta, ta jira, ta kwance murfin baya. Sai na ga ta yi murmushi.

"Yaya, ka taɓa buɗe ta?"

Na ce a'a, ya hana ni, ya ce akwai wutar da ke zama a ciki ko an kashe.

Ta ce duk wadda ta buɗe cikin waɗanda suka bi ta hannunsa, sai ta tarar ya yi rubutu da fensir a jikin katakon, da ajami. Ba sunan mai ita yake rubutawa ba. Yakan rubuta irin ɗakin da ake kaɗa ta, da abin da ya kamata mai gyara na gaba ya sani. Wata ya rubuta coci ce mai dogon rufi. Wata ya rubuta mai ita yana da jariri a gida. Ta juyo da tawa wajen haske ta karanta mini, tana bin layin da yatsa.

"Ɗan ƙanwata. Ɗaki ƙarami, rufin kwano, mahaifinsa yana karatu a zaure. Kunnensa mai kyau ne, haƙuri ne bai cika ba. In ya ce a ƙara mata ƙarfi, kada a yarda."

Muka yi dariya har hawaye suka zubo mana, daga baya kuma ba dariyar ba ce. Ta goge ido da gefen mayafinta, ta jawo gwangwanin bawul, ta ce in dawo ranar Laraba.

Allah ya gafarta wa Kawu abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya yalwata masa makwanci, ya ba Inna haƙuri, ya sa albarka a hannun da ya bari a shagon. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.